Idan Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Na sha ganinki ranar kasuwa, 'yar'uwa, a layin 'yan hatsi. Kikan ɗauki mudu ki kife shi, ki duba ko an bubbuge gindinsa. Kikan cusa hannu cikin buhun masara ki ɗebo ta ƙasa, don kin san mai kyau ake zubawa a sama. Kikan gutsuri ƙwaya ɗaya ki ji ko ta bushe. In aka miƙo miki canji, sai kin ɗaga takardar dubu ɗaya kin haska ta a rana. Duk wannan wahala a kan abincin da ba zai kai ƙarshen wata ba. Amma ranar Lahadi wani baƙo ya hau bagade, ba ki san garinsu ba, ba ki san wanda ya karantar da shi ba, ba ki san abin da ya raba shi da majami'ar da ya baro ba, ya ce Allah ya yi masa magana a kanki cikin dare, kika miƙe tsaye kina amin tun bai rufe baki ba.

Da ke nake, da maigidanki, da ni kaina. Amma kaso mafi tsoka na wannan faɗa na dattawan da suka miƙa wa baƙon nan lasifika ne, kuma zan zo kansu.

Ba zan ɓata tawada wajen zagin annabawan ƙarya ba. An zage su har an gaji, ko gezau. Kura ba ta tuba don an kira ta kura. Ba kuma shammatarmu suka yi ba. Tun ranar da Bulus yake sallama da dattawan Afisa a Militus ya gaya musu kyarketai za su shigo garke, wasu ma daga cikinsu za su taso. Shekara kusan dubu biyu ke nan da wannan shela. Wanda aka gaya wa ɓarawo na tafe, ya kwana ƙofa a buɗe, da safe ba shi da bakin kuka. Mai koyarwar ƙarya ɗan kasuwa ne, ɗan kasuwa kuwa ba ya kasa kayan da ba a saye. Mu ne masu sayen.

Kowa ya san yadda taron ke tafiya, sai dai mu yi kamar ba mu sani ba. Kwana uku na farkawa. Daren farko waƙa da rawa, jiki ya saki. Dare na biyu annabci: akwai wata mace a nan mai ciwon mara, akwai saurayin da takardunsa suka maƙale, akwai wanda aka binne wa abu a ƙofar gida. A taron mutum ɗari biyar a ƙasar nan, yaushe za a rasa mace mai ciwon mara ko saurayi marar aikin yi? Ko ni da ban taɓa ganin wahayi ba zan iya irin wannan annabci. Dare na uku shi ne na ciniki. Ana neman mutum goma da za su shuka iri na dubu hamsin. A sauko dubu ashirin, a sauko dubu biyar, har a kai ga ɗari biyar ɗin da gwauruwa ta ƙulle a bakin zane don kuɗin mota. Kwalbar mai da farashinta, hankici da farashinsa, ganin bawan Allah a keɓe shi ma da nasa. Washegari baƙo ya kama hanya da rabonsa, kwamiti ya ƙirga saura ya ce Ubangiji ya ziyarce mu, bana za mu rufa kwano.

Abin da ya fi ci mini rai, duk ayoyin da ake yanka mu da su suna cikin littafin da ke kan cinyarmu a lokacin, a rufe.

Ɗauki maganar iri. Misalin mai shuka yana cikin Luka sura 8, kuma ba a bar wa kowa wahalar fassara shi ba, don layi kaɗan za ka gangara ka tarar Yesu da kansa ya faɗi mene ne irin: maganar Allah ce. Babu naira a ciki. Za a ce ai Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa. Haka ne. To, kuɗin wa ake tarawa a wurin? Na matalautan ikilisiyar Urushalima ne, ba na mai wa'azi ba. Ya hana a tilasta wa kowa. Ya kuma sa ikilisiyoyi su zaɓi mutanensu da za su raka kuɗin, don kada wani ya ce manzo ya taɓa ko kwabo. Mutumin da ya kafa ikilisiyoyin ke nan, yana ɗinkin tanti da hannunsa don ya ci abinci, yana kuma neman a sa masa ido. Namu na yau kuwa, tambaye shi rasit ka ga yadda za ka zama wakilin Shaiɗan nan take.

Wannan shuka iri da ake yi mana kamar daga Dutsen Sina'i ta sauko, an san garinsu. Wani mai wa'azi na birnin Tulsa a Amurka, Oral Roberts, shi ya yaɗa ta, har ya rubuta littafi a kanta a 1970. Shi ne kuma a 1987 ya gaya wa masu kallonsa a talabijin cewa in bai tara dala miliyan 8 ba kafin ƙarshen watan Maris, Allah zai ɗauke ransa. Daga can aka yi mana safararta ta kaset da talabijin, ta sauka a manyan birane, ta hau mota, yau ga ta a ƙauyen da ko wutar lantarki babu, an juya ta da Hausa tsaf, ana karɓar akuya da buhun dawa a madadin dala.

Sai gwauruwa mai anini biyu ta Markus sura 12, wadda ba a taɓa tara kuɗi ba a ambace ta ba. Ina roƙon mai karatu ya buɗe wurin yau, ya ɗaga ido sama kaɗan. Maganar da ta zo daf kafin labarinta la'ana ce a kan malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i. Ta bayanta kuwa ita ce rushewar haikalin da ta zuba kuɗin a ciki. Mutum ya tsallake ta sama, ya tsallake ta ƙasa, ya zaro ta tsakiya ya karɓe kuɗin motar gwauruwa da ita. In wannan ba ƙarfin hali ba ne, ban san sunansa ba.

Mai fa? Yakubu sura 5 ta ambaci shafa wa marar lafiya mai, gaskiya ne. Amma marar lafiyar ne ke aikawa a kira dattawan ikilisiyarsa, mutanen da suka san shi ya san su, su tako har bakin gadonsa. Ba a ce ya rarrafo filin taro da kuɗi a hannu ba. Hankici kuwa daga Ayyukan Manzanni sura 19 ake ciro shi, inda aka riƙa kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus. Babu wanda ya sayar, babu wanda ya saya. Kuma a cikin surar nan ne wasu 'yan'uwa bakwai suka mai da sunan Yesu kayan sana'a, mai aljanu ya yi musu dukan kawo wuƙa suka fita da gudu tsirara. Ban taɓa jin baƙon mai wa'azi ya karanta har nan ba.

Littafin nan bai bar mu cikin duhu ba game da haɗa baiwar Allah da kuɗi. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya da riguna, ya warke, Elisha ya ƙi karɓar ko zare. Gehazi ya bi shi a baya ya karɓa, ya dawo da kuturta. Siman mai sihiri ya zaro kuɗi a Samariya don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya kore shi da kuɗinsa da baƙar magana. Yau an juya tabarma: masu cewa sun gaji Bitrus su ne ke yanka farashi, mu kuma mun yi layi a bayan Siman.

Kada wani ya ce ina musun ikon Allah. Na gaskata yana warkarwa, na kuma ga ya yi. Na san kuma abin da ke kai mutane wuraren nan. Wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ko wadda ta je asibiti aka rubuta mata maganin da ya fi kuɗin abincinta na wata, ko yaron da ya gama bautar ƙasa shekara shida yana zaman kashe wando, in aka ce musu ga gajeriyar hanya, ba sai an ja su ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Shi ya sa laifin mai miƙa takobin ya fi girma, na wanda ya tsaya a bakin gaɓa yana kallo kuma ya bi masa.

Ni na tsaya a bakin gaɓa. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, mace mai waƙa a zumuntar mata, wadda ciwon sukari ya kama. Shekaru tana shan maganinta tana noman gyaɗarta. Sai wani ya zo garin da tanti da janareta, ya ɗora mata hannu, ya ce ta warke, kuma haɗiyar ƙwaya bayan addu'a rashin bangaskiya ne. Bai tsaya nan ba, ya ce ciwon ma ba na asibiti ba ne, facalarta ce ta yi mata jifa. Ta sayi kwalbar mai da kuɗin tunkiya. Na ji labari a kan lokaci. Na ce a raina wa ya aike ni, ita babba ce, kada a ce ɗan boko ya zo yana raina aikin Ruhu. Na yi shiru. Kafin damina ta zagayo ƙafarta ta ruɓe, aka kai ta asibiti lokacin da likita ba shi da abin yi. Mai tanti ya daɗe da naɗe tantinsa. Gidaje biyu da suka yi shekara arba'in suna cin tuwo a akushi ɗaya, har yau ba sa gaisawa, ko a majami'a kowa da layinsa.

Da na buɗe baki, abin faɗa ba shi da wuya. Bulus, wanda ƙyallensa ya warkar da mutane, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militus. Ya ba Timoti shawarar abin da zai sha don ciwon cikinsa. Luka da ya rubuta mana Bishara guda da Ayyukan Manzanni likita ne. Waɗanda suka kawo mana bishara kuma da akwatin magani suka zo: Wusasa, Vom, Garkida, Jankwano a Jos, Galmi a Nijar. Yaushe asibiti ya zama abokin gabar bangaskiya?

Masu cewa ai abin bai kai haka ba, su tambayi mutanen Moshi a Tanzaniya. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 aka zuba mai a ƙasa a filin taro, aka ce duk wanda ya taka zai sami albarka. Mutum 20 suka mutu a turmutsutsu, har da yara. Su tambayi Kenya. A watan Afrilun 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola kusa da Malindi, aka tono sama da 400, yawancinsu yunwa ce ta kashe su, don an gaya musu azumi har mutuwa shi ne hanyar saduwa da Yesu. Jagoran, Paul Mackenzie, tsohon direban tasi ne, ya musanta tuhumar da ake yi masa a kotu. Abin lura a nan, ba da kabari aka fara ba. An yi shekaru ana wa'azin cewa makaranta ta Shaiɗan ce, asibiti ma haka, an raba mutane da danginsu, an sa sun sayar da abin hannunsu sun koma daji. Kowane mataki akwai maƙwabci da ya gani, akwai ɗan'uwa da ya ce wa ya aike ni. Duk mai wa'azin da ya fara raba ka da likita, da makarantar ɗanka, da uwarka, ba sai ka jira ka ga dajinsa ba.

To, me ke rufe mana baki? Aya ɗaya ce, ta Zabura 105, mai hana taɓa shafaffu. Da ka ɗaga yatsa sai a jefe ka da ita, a haɗa da barazanar la'ana. Zaburar nan tarihin Ibrahim da zuriyarsa take bayarwa, lokacin suna 'yan kaɗan suna yawo a ƙasashen wasu, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Kariyar marasa ƙarfi ce daga masu iko, aka mai da ita garkuwar masu iko daga tambayar marasa ƙarfi. Dawuda shafaffe ne na gaske, Natan ya shiga fadarsa ya nuna shi da yatsa. Bitrus babban manzo ne, Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a a Antakiya. Mutanen Biriya suka ji wa'azin Bulus da kansa, suka koma suna bincika Littattafai kowace rana ko gaskiya ya faɗa, aka kuwa yaba musu. In an binciki Bulus an sami yabo, wane ne wannan mai farin kwat da ba za a tambaya ba?

Ma'aunin annabci ma a rubuce yake cikin Attaura: in ya faɗa bai faru ba, ba Allah ne ya aiko shi ba, kada a ji tsoronsa. Hananiya ya ce shekara biyu kacal bautar Babila za ta ƙare, jama'a suka ji daɗi. Irmiya ya ce saba'in, aka tsane shi. Hananiya bai ga ƙarshen shekarar ba. Mu kuwa duk daren 31 ga Disamba ana yi mana ruwan annabci, duk gabanin zaɓe annabawa su rabu gida uku kowa da ɗan takarar da Allah ya nuna masa. Zaɓe ya wuce, aƙalla biyu sun yi wa Allah ƙarya, amma ranar Lahadi kujerunsu a cike. Ba wanda ya rubuta abin da aka faɗa bara, balle ya zo da takardar bana. Mai bashin ɗari biyu ma ya fi mu ajiyar lissafi.

Kuma kada 'yan tsoffin ikilisiyoyi su gyara zama su ce ai da masu tafi da tsalle ake. Akwai masu tsoron Allah da yawa a can, akwai kuma ɓarna a nan. Bagaden da ake ba ɗan siyasa don ya kawo siminti, wa'azin da ke koya wa yara cewa ƙabilarsu ta fi kusa da Allah, fasto da ya aro salon shuka iri don albashinsa bai fito ba, duk koyarwar ƙarya ce, ko da da Littafin Waƙoƙi aka buɗe sujadar.

Abin kunya ne in aka tuna daga inda muka fito. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan shekaru na wahalar su Likita Mila da malaman da suka zauna da su suna auna kalma ɗaya ɗaya. Kakata ta koyi karatu tana da 'ya'ya biyar, da fitilar kwai, don kawai ta karanta shi da idonta. Ba ta san kalmar tauhidi ba, amma in mai wa'azi ya karkace, a bakin ƙofa za ta tare shi ta ce, “Malam, nuna mini wurin.” Su kakata ne suka tara layu da guraye suka cinna musu wuta, suka daina kai wa boka baƙar kaza. Mu jikokinsu masu digiri, da Littafi a cikin waya fassara iri iri, mun koma gidan jiya. An canza wa boka riga kawai. Da laya, yanzu sitika. Da baƙar kaza, yanzu ambulan. Tambayar ma ba ta canza ba: wa ya yi mini? Byang Kato, ɗan Kwoi, ya yi ta gargaɗi a kan gauraya bishara da tsohuwar hanya kafin rasuwarsa a 1975 yana da shekara 39. Muna sa sunansa a jikin gine-gine, gargaɗinsa kuma mun bar shi a kabad.

Yanzu gare ku, iyayena dattawan ikilisiya, da ku rabaran-rabaran. Ku gafarce ni, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku aka ba tsaron ƙofa. In za ku aurar da 'ya, sai kun aika har ƙauyen su yaron an binciko kakansa. In za ku ba da bagade na kwana uku, abin da kuke tambaya ɗaya ne: yana tara jama'a? Kun san wanda ya zo bara ya faɗi abin da babu shi a Littafi. Kuna zaune a gaba kuka sunkuyar da kai, don rabin kuɗin na ginin ne. Kun bar ajin baftisma ya koma sati biyu na haddar amsa. Kun bar nazarin Littafi na tsakiyar mako ya mutu, ya rage tsofaffi huɗu da mai gadi. Kun miƙa makarantar Lahadi ga duk yarinyar da ba ta da aikin yi a ranar. Yaro ya tashi a hannunku shekara ashirin bai taɓa karanta wasiƙa ɗaya ta Bulus daga farko zuwa ƙarshe ba, sannan ku yi mamaki ya tafi jami'a wani ya ɗauke shi da aya ɗaya. In matashi ya yi tambaya a taro, sai ku ce ba shi da ladabi. To, wanda kuka hana ya tambaye ku, da wane baki zai tambayi kura?

Ba abu mai tsada nake nema a wurinku ba. Kafin ku ba baƙo lasifika, ku san wa yake ƙarƙashinsa, wa zai iya ce masa bari ya bari. Ku gaya masa tun a waya cewa a nan ba a sayar da mai, ba a kiran farashi, ba a kiran sunan maye. In ya ja aya, wani dattijo ya tashi bayansa ya karanta surar duka da ƙarfi. In ya kauce, ku gyara a gaban mutanen da suka ji, a ranar, ba a ofis bayan ya tafi ba. Ku manna lissafin baiko a bango inda kowa zai gani. In hakan zai sa rufin ya ƙara shekara biyu, ya ƙara. Iyayenmu sun yi sujada a ƙarƙashin tsamiya.

Kwalbar man gwaggona tana nan a kan tagar ɗakinta, saura rabi, ƙura ta rufe ta. 'Ya'yanta sun so su jefar, na hana. Ranar da kwamiti zai zauna zaɓen baƙon farkawar bana, ku aiko a gaya mini. Zan kawo ta in ajiye muku a tsakiyar tebur.